Shekarar da Na Fasa Tuduna da Hannuna

Na ji abin da kuke gaya wa 'ya'yanku, wai kakansu ne ya kawo wa garin nan wurin tsallaka titi. Kwanan baya ma jikata Safiya ta zo daga Gusau da takardar makaranta, an ce su rubuta labarin wani mutumin kirki a danginsu, ta rasa wanda za ta rubuta sai ni. Na sa ta karanta mini har sau biyu saboda daɗi. Da ta tafi na zauna na yi tunani, na ga gara in faɗi yadda aka yi da bakina, don in na riga Innarku Hajo tafiya na bar ta da labarin, yadda za ta ba da shi ba zai yi mini kyau ba. Karatuna kun san iyakarsa, rani ɗaya na yi a ajin yaƙi da jahilci, shi ma rabinsa barci. In kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Sana'ata faci ce, a bakin hanyar da ta ratsa garinmu ta fita babban titin Gusau zuwa Tsafe, can wajen Kwatarkwashi. Kafin a zuba mata kwalta, ramukanta ne suka ciyar da ku. Kowace mota ta shigo sai ta bar mini taya ɗaya, wata ma biyu. Da aka zuba kwalta kowa ya yi murna, ni ma na yi don kada a gane ni, amma a raina na san an yi mini ta'asa. Motoci suka riƙa wucewa kamar an koro su, musamman da la'asar, da kowane direba ke son ya shiga Gusau da sauran rana. Sai in wuni ina kallon injin iskata yana kallona. Abokina Idi mai shayi, wanda teburinsa ke manne da rumfata, shi ma ruwansa ya riƙa tafasa yana ƙonewa ba mai sha.

To, sai dabara ta zo mini. Na samo guntun giginya na gindaya shi a titi daidai rumfata, na bi shi da marmara na daddaɓe, ya zama tudu. Na gaya wa jama'a saboda tsofaffin da ke tsallakawa masallaci na yi, tunda masallacin na fuskantar rumfar. Aka yi ta sa mini albarka. Direba kuwa in ya iso dole ya taka birki, in ya taka sai ya tuna tayarsa ta baya na neman iska, yaran motarsa kuma su tuna ba su karya ba. Wanda bai taka ba, tudun ya yi masa hukunci, shi ma wurina zai ƙare. Zagi kam na sha shi, har da na direbobin da ban san yarensu ba, amma tukunya ta koma kan wuta a gidanmu da gidan Idi.

Ƙasa da rumfata, kamar jifa biyu, nan injin niƙan Baraka yake. Baraka mijinta ya rasu ya bar mata injin da filin da yake kai, a tsallaken titi, kusa da famfon tuƙa-tuƙa. Gidajen gari kuwa duk suna wannan ɓangaren, don haka kowace mace mai niƙa ko ɗiban ruwa sai ta tsallaka a nan. A shekarar da nake ba ku labari, farkon damina, wata ƙaramar mota ta ɗebe Baraka a wurin, ƙafarta ta dama ta karye biyu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma har yau da ɗingishi take tafiya. Na je gaishe ta da goro, ina fitowa na tsaya a ƙofar gida ina gaya wa mutane, kun gani ko, da ba don tuduna ya rage wa motar nan gudu ba, da yanzu zaman makoki muke. Kuma da gaske na yarda da abin da nake faɗa.

Da kaka ta kama, kansilanmu ya zo ƙofar Mai gari da wani injiniya daga ƙaramar hukuma, saurayi siriri mai yawan shiru. Suka ce akwai wani tsari: duk garin da ya tashi gyaran hanyarsa don kare rayuka, abin da ya kawo, ƙaramar hukuma za ta ɗora kwatankwacinsa. Ba sai kuɗi ba, dutse da yashi da ƙarfin jiki duk ana kimanta su a matsayin rabon gari. Mu kawo waɗannan, su kawo siminti da rodi da fenti da alluna. Abin da za a yi, tudu biyu marasa tsini, zane fari a tsakaninsu na masu tsallakawa, da ɗan fili a gefe inda motoci za su riƙa tsayawa. Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, duk tudun da wani ya yi da kansa sai an fasa. Na biyu, wuri ɗaya tal za a yi, kuma gari ne zai zaɓa, Mai gari ya sa hannu.

Ina jin haka na ga abincina a tsakiyar fili. In aka yi aikin a gaban rumfata, na haye har ƙarshen rayuwata, da filin tsayawar motoci a bakin ƙofata. In aka kai shi wurin Baraka, an fasa tuduna kuma ba a ba ni komai ba. Aka fara gardama, masu cewa masallaci, masu cewa injin niƙa, har Liman ya fara kallon rana. Ni kuwa da ba a taɓa yin taro na yi shiru ba, na miƙe.

"Ranka ya daɗe, mi za mu tsaya muna ja? Yadda muke wa rumbu in muna son mu san ɓera ne ko mutum, haka za mu yi wa titi. A barbaɗa toka a gefensa, nan da can. Inda sawu ya fi yawa, nan mutane ke tsallakawa."

Mai gari ya dube ni ya ce, "Garba, yau kai ne da magana mai kai?"

Injiniya ya yi murmushi karo na farko, ya ce wannan ya fi abin da aka koya musu arha. Na zauna ina hura hanci, don lissafina salla biyar ce a rana, kowace da zuwa da dawowa, wa zai ja da masallaci? Sai injiniyan ya ƙara da cewa a yi gwajin ranar kasuwar Tsafe, daga fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da motoci suka fi yawa. Na ƙirga a raina, tsakanin fitowar rana da hantsi babu salla ko ɗaya. Da bakina na gina ramin.

Toka a hannun mata take, don haka Innarku ce ta bi gida gida tana tarawa, kuma a karo na farko maganar titi ta shiga cikin gidaje. Ranar kasuwa, ana fitowa daga asuba aka barbaɗa ta fari fat a gefen titi, wuri biyu. Mai gari ya ce kada kowa ya tsaya gadi, don kada mutane su canza hanyarsu saboda ido. Maza suka wuce gona yankan gero. Ni kuwa ina da wani buhu a bayan rumfa, cike da takalman da mutane suka kawo in liƙe musu suka manta da su, na maza da na mata da na yara. Na zazzage shi. Idi ya dube ni, ya dubi buhun, ya juya mini baya ya kama hura wutar da tuni ta kama. Na sa wannan in tsallaka, in canza wancan in dawo, silifas ɗin mata ma na cusa yatsuna na taka da su. Na yi ta yi har gumi ya jiƙa mini riga. Ban taɓa yin aiki da himma irin ta ranar ba.

Da hantsi dattawa suka zo dubawa, mata na biye daga nesa. Wurin Baraka sawu ya yi yawa, amma nawa tokar ma ba a ganinta. Mai gari ya ce to, magana ta ƙare, jibi shi da ni za mu kai takarda Bungudu, hedikwatar ƙaramar hukuma, tunda ni na kawo shawarar. Na ga Innarku ta matso ta sunkuya tana kallon ƙasa, ta daɗe, sannan ta gyara mayafi ta wuce gida. Da na shiga cin tuwo ta ajiye mini kwano ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, yau na ga abin mamaki."

"Na mi?"

"Ashe matan garin nan duk ƙafarsu ta hagu waje take kallo. Har da ƙananan yara. Shekara nawa ina zaune da su ban lura ba."

Kun san ƙafata ta hagu, tun da ƙarfen tayar tirela ya faɗo mata ina saurayi take kallon yamma in ina tafiya arewa. Na canza takalma, na manta ban canza ƙafa ba. Na ce mata ai sawu kama yake yi.

"Ni ba ni tona ka," in ji ta. "Sunanka ɗiyana ke amsawa. Ci tuwonka."

Washegari da safe na fito zan tafi rumfa, na tarar da ƙwaryar dawa a bakin ƙofa, da gammo a kanta. Ta ce bayanta ya riƙe, ba ta iya kai niƙa, in ba a kai ba kuma ba tuwon dare. Ku duk kun watse a lokacin, mazan na Gusau, matan na ɗakunansu, babu wanda zan tura. Na ce zan ɗora a keke. Ta tuna mini kekena wata uku ke nan tayarsa ba iska, kamar yadda keken mai faci yake. Haka na ɗora ƙwarya a ka, da furfurata, na ratsa gari. Wanda bai yi dariya ba a ranar, to ba ya gari.

A bakin titi na tarar da mata kamar bakwai tsaye da kayansu, ba wadda ta motsa ko da yake ban ga mota kusa ba. Wata jikar abokina ta ce, "Sannu da fitowa, amaryar Inna Hajo. A zo a taya ki?" Na ce ta bari sai na yi lalle. Muna cikin haka sai na ji wani gaf daga sama, ƙarar mota ta haura tuduna. Wata tsohuwa a gaba, wadda ba ta lura da ni ba, ta ɗaga hannu.

"Ku dakata, Garba ya yi tari."

Sauran suka ƙunshe baki suna satar kallona. Ashe haka suke cewa, shekara da shekaru, ban sani ba. In sun ji tarin, sun san mota na tafe, kuma ba a hankali za ta iso ba. Direban da na tilasta wa birki, da ya haura tudun sai ya huce haushinsa a kan totur, daidai wurin da matan ke tsallakawa ya fi kowane wuri gudu. Motar ta wuce mu har mayafai na tashi. Ni kuwa girman kai ya hana ni tsayawa cikin mata ana ƙunshe dariya, na ce su ba ni hanya in nuna musu yadda ake tsallaka titi.

Abin da ban sani ba, domin ban taɓa ɗaukar kaya a ka na tsallaka ba, mai kaya a ka ba ya iya waiwaye. Wuya a kafe yake. In kana son ka ga dama sai ka juya jikinka duka, kafin ka juyo hagu abin da ke dama ya canza. Ina tsakiyar kwalta na ji gaf. Na so in duba, ƙwarya ta ce ba ta yarda ba. Na ji ƙarar injin na ƙaruwa, na ji mata na salati, ban san lokacin da na watsar da komai na yi tsalle na faɗa kwata ba. Da na ɗago, ƙwaryar Innarku ta zama sakaina, dawa ta bazu a titi, kajin unguwa har sun fara taruwa. Baraka na zaune a kan turmi a ƙofar injinta, ƙafar a miƙe, ba ta yi dariya ba.

"Nan daidai na faɗi," in ji ta. "Kai ka yi sa'a, ƙwarya ta karɓar maka."

Na koma gida hannu wofi, gwiwa a ƙuje. Innarku, wadda bayanta ya riƙe, na tarar tana faskaren itace. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tabbatar ba abin da ya karye, ta ci gaba da faskarenta.

Kada ku ɗauka nan take na tuba. Na kwana ina gaya wa kaina ai takarda ta riga ta samu hannu, kuma in aka fasa tuduna aka yi na gwamnati mai laushi, wataƙila direbobi su daina fushi. Da wannan na shiga mota da Mai gari. Sai da muka sauka a tasha a Gusau, muna zaune a motar Bungudu ana jiran mutum biyu ta cika, na ga wata mai tallan fura tana son tsallaka bakin tasha da ƙwarya a ka, tana juya jikinta duka, dama, hagu, dama. Na matsa kusa da kunnen Mai gari na gaya masa komai, har da silifas ɗin mata.

Ya dubi rigar da ke jikinsa. Sannan ya ce, "Garba, sai da ka bari na sa babbar rigata?"

Na ce ya yi haƙuri.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Kuma ba a kunnena za ka faɗe ta ba, a ƙofar gidana za ka maimaita, da ƙarfi, yadda kake kiran direbobi."

Duk da haka muka ƙarasa Bungudu, don a san abin da ake ciki. Injiniya ya saurare mu, bai nuna mamaki ba. Ya ce shi ma ya ga sawun, ya kuma ga rumfar wa ke wurin, amma tsarin ya ce gari ne zai zaɓa, ba shi ba, kuma in ya fara soke zaɓin gari, gobe ba wanda zai ɗauko dutse ɗaya. Ya ce mu koma mu sake takarda, amma mu sani akwai garuruwan da ke layi, in wata ya ƙare rabonmu bai taru a bakin titi ba, za a ba wasu. Wato ƙaryata ta cinye mana kwanaki daga cikin 'yan kaɗan da muke da su.

Da muka dawo, bayan la'asar aka taru a ƙofar Mai gari. Na zo da buhun na zazzage a gaban jama'a, na faɗi abin da na yi. Sai wani ya leƙa tarin ya ce, ai wancan takalmina ne. Nan fa aka rufa wa tarin, kowa na neman nasa, har Liman ya zaro wani da ya ce tun bara yake zargin an ɗauke masa a ƙofar masallaci. Dariyar ta taimake ni, amma ba ta wanke ni ba. Ƙanen Baraka ya miƙe ya ce tudun nan ne ya karya 'yar'uwarsa, kuma ba wanda ya ce masa ya zauna, ni ma ban ce ba. Hukuncin Mai gari shi ne in fasa tuduna ni kaɗai, kada kowa ya kama mini. Wuni biyu na yi da diga. Na gina shi da kyau, Allah ya sani.

Aka sake takarda, wurin Baraka aka zaɓa. Sauran aikin gayya aka yi. Ana tsakiyar kaka, kowa da amfanin gona a ƙasa, amma aka raba kwanaki unguwa unguwa. Amalanken shanu suka yi ta jigilar dutse daga gindin tsauni, matasa suka kwaso yashi a rafi, mata suka ɗauki ruwa da abincin ma'aikata, kuma suka sa injiniya ya rubuta wannan ma a rabon gari, ya rubuta. Saura kwana biyu wata ya ƙare ya zo ya auna tarin, ya ce ya isa. Da motar siminti ta iso, mutanen da suka rantse ƙaramar hukuma ba za ta cika alkawari ba su suka fi kowa rawar jiki wajen saukewa. Kafin sanyi ya shiga sosai an gama, tudu biyu masu faɗi waɗanda mota ke hawa ba tare da ta yi gaf ba, da farin zane, da filin tsayawa. Daga ranar zuwa yau ba a sake ɗaukar kowa daga kan titin nan ba, Allah ya ci gaba da kiyayewa.

Ni kuwa abin da na ji tsoro shi ya faru. Motoci suka koma wuce rumfata, suna tsayawa can ƙasa. Idi ya daina yi mini magana, ya ce in zan yi tuba me ya sa ban yi ta a kan abincina ni kaɗai ba. Bai kai azumi ba ya kwashe teburinsa ya koma tashar Tsafe. Shekara talatin muna zama benci ɗaya. Yanzu muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza, iyakarta ke nan, kuma wannan har yau yana ci mini rai. Daga kaka har bazara ƙuli-ƙulin Innarku ne ya riƙe gidan, ba ta taɓa goranta mini ba, sai dai takan tambaye ni da safe ko yau ma ofis za ni.

Filin da ke gefen sabon wurin tsayawar motoci na Baraka ne. Kowa ya san nan ya kamata mai faci ya zauna, kowa kuma ya san dalilin da ya hana ni tambaya. Da na ga damina na shirin shigowa ba ko buhu ɗaya na taki, na wanke rigata na tafi. Na tarar tana niƙa. Na yi sallama, ta amsa, ta ci gaba da zuba hatsi. Na tsaya a rana har ta gama wa mata huɗu, sannan ta kashe injin.

"Malam Garba, niƙa ka kawo?"

"A'a. Wuri na zo roƙo. Da gafara kuma, in akwai."

"Wanne kake so a fara ba ka?"

Na ce wanda ya sawwaƙa. Ta dubi ƙafarta, ta dubi titi, inda wasu mata biyu ke tsallakawa da bokitai a ka suna hira.

"Wuri akwai, bayan famfo, ba gaban injina ba. Ɗayan kuwa ka riƙa zuwa kana tambaya."

Washegari na kafa rumfa. Aikin farko da na yi a wurin tayar baron Baraka ce, wanda take ɗauko man injin da shi. Ta turo shi da kanta, ta zauna a bencina ta miƙe ƙafar, tana kallon hannuna tun daga cire tayar har mayar da ita. Na gama, na buga iska, na tsoma a ruwa ta gani, ko kumfa ɗaya babu. Ta matsa tayar da babban yatsa ta ce bai yi ba, in sake.

Na kwance na sake.